Zauren Malamai: Kalma Nawa Yaro Zai Iya Riƙewa a Mako?

Wasiƙun da suka iso mana a wannan karo galibinsu daga malaman firamare ne masu shirin shiga sabon zangon karatu, kuma kusan duk a kan abu ɗaya suka tsaya: yadda za a koyar da sababbin kalmomi su zauna a kan yaro. Malaman da ke amsa tambayoyi a wannan fili sun zaɓi biyar daga ciki.

Ku duba mini shirina

*Assalamu alaikum. Ni malamar aji uku ce, yarana 84. Yawancinsu suna iya haɗa baƙi da wasali su karanta, amma in na tambaye su abin da labarin ya ce sai a yi tsit. Ga abin da na tsara wa zango mai zuwa: duk Litinin zan rubuta sababbin kalmomi ashirin a allo tare da ma'anarsu, su kwafa, su haddace a gida, ranar Juma'a in yi musu shifta. Zan kuma liƙa kalmomin a bango, in raba ajin rukuni-rukuni. Don Allah ko da gyara?*
Malamar aji uku, daga Funtuwa

Wa'alaikumus salam, Malama, Allah ya ƙara basira. Kin gano inda ciwon yake. Haɗa baƙi da wasali rabin karatu ne, ragowar rabin shi ne yaro ya san abin da kalmar da ya furta take nufi. Niyyar shirinki mai kyau ce, amma sai an taɓa shi a wurare da dama, kuma na farko shi ne adadin.

Ashirin ta yi yawa. Darasi ɗaya a yawancin makarantunmu minti 30 zuwa 35 ne. Ko minti bibbiyu kika ba kowace kalma kin ci minti 40, an buga ƙararrawa ba ki kai ƙarshen jerin ba. Abin da zai faru shi ne ke ki cika allo, su kuma su duƙufa kan kwafa, mai nauyin hannu ya tashi da rabi, ranar Juma'a masu ƙarfin hadda su kwashe maki, Litinin ta zagayo kowa ya manta. Ki sauko zuwa kalma shida a mako. Malaman aji ɗaya da na biyu su tsaya a huɗu. Zango yakan kai mako sha biyu ko sha uku. In an cire makon dawowa da na bita da na jarrabawa, saura kamar goma. Kalma sittin ke nan a zango, 180 a shekara. Za ki ga kamar sun yi kaɗan, to amma su ne waɗanda za a tsaya a yi musu aiki sosai. Sauran baƙin kalmomin da za ku ci karo da su cikin labari, ki faɗi ma'anarsu a jimla ɗaya ki wuce, kada su katse labarin.

Sai zaɓi. Isabel Beck da Margaret McKeown, masu bincike a Jami'ar Pittsburgh ta Amurka, sun kasa kalmomi gida uku, kuma rabon nasu ya hau Hausa daidai. Akwai na yau da kullum da yaro ya taho da su daga gida, irin su ruwa, akuya, gudu, kasuwa. Waɗannan ba a ɓata musu lokaci. Akwai na fanni da ba a jin su sai a darasinsu, irin su murabba'i, alwatika, da'ira. A bar su sai ranar da lissafi ya kawo su. Na tsakiya su ne abin nema, wato waɗanda yara ba sa furtawa a wurin wasa amma littattafai da takardun jarrabawa cike suke da su: kwatanta, bambanci, dalili, sakamako, tanadi, ƙiyasta, tasiri, bunƙasa, raguwa, fa'ida. Yaron da bai san "kwatanta" ba zai faɗi tambayar kimiyya, ya faɗi ta lissafi, alhali ya san amsar duka biyun.

Kada ki ɗauko su da ka. Ki buɗe labarin da za ku karanta a makon, ki ja layi ƙarƙashin duk kalmar da kike zaton za ta tsayar da su, sannan ki tace. Wadda za su sake haɗuwa da ita a wani darasin, kuma za ki iya bayyana ta da kalmomin da suka riga suka sani, ita ce ta shiga shidan.

Ga yadda ake tafiyar da kalma ɗaya cikin minti uku. Mu ɗauki *tanadi*. Ki karanta jimlar da ta fito a ciki daga labarin. Ki furta kalmar sau biyu, su furta, a tafa gaɓoɓinta: ta-na-di, tafi uku. Ki ba da ma'ana da bakin yara, ba da bakin ƙamus ba: "Tanadi shi ne ka ajiye abu yau saboda za ka buƙace shi gaba." Sai misali biyu da ba na labarin ba, kuma su yi nesa da juna: manomi ya zuba gero a rumbu saboda damina, uwa tana jefa kuɗi a asusu saboda kayan Sallah. In misalin gero kaɗai kika bayar, wasu za su tafi gida da cewa tanadi sunan hatsi ne. Daga nan ki gwada su: "In abin da na faɗa tanadi ne ku ɗaga hannu, in ba shi ba ne ku naɗe hannu. An ba yaro kuɗin tara ya kashe duka a alewa. An kawo ruwan famfo, Inna ta cika randuna." Sannan kowa ya juya wajen na kusa da shi ya ƙarasa wannan jimla: "A gidanmu ana tanadin ... saboda ..." Rubutu shi ne na ƙarshe, bayan kalmar ta bi ta bakin kowane yaro.

Wannan "saboda" ɗin ba ado ba ne. In kika ce kawai "ku yi jimla da kalmar," abin da za ki samu shi ne "Na ga tanadi" da "Tanadi yana da kyau," jimlolin da wanda bai san ma'anar ba ma zai iya ƙirƙirowa. "Saboda" ko "amma" ko "shi ya sa" ita ce ke tilasta wa yaro fito da ma'anar. Kalmar da kuma za a iya gani da ido, gani ya kori ji: *narke* da *nutse* ba sa buƙatar dogon bayani, kofin ruwa da ɗan gishiri da tsakuwa sun wadatar.

Abu biyu kan lalata wannan aiki. Ɗaya shi ne "Kun gane?" sai aji ya amsa "Eee!" baki ɗaya. Wannan amsar ladabi ce, ba ta nuna miki komai. Na biyu gaggawa. Mary Budd Rowe, wata malamar kimiyya a Amurka, ta auna tun shekarun 1970 cewa malami yakan jira kamar daƙiƙa ɗaya ne bayan ya yi tambaya kafin ya kira wani ko ya amsa da kansa, kuma in ya kai jiran daƙiƙa uku amsoshin sukan fi tsawo, masu amsawa su ƙaru. Ki yi tambaya, ki ƙirga biyar a zuci, sannan ki kira suna. Ki hana "Ni Malama! Ni Malama!" a wannan tsakanin, domin 'yan gaba shida ne za su cinye miki zangon.

Makon kansa ba ya buƙatar darasi na musamman, minti goma daga darasin Hausa ya isa. Litinin kalma uku, Talata uku. Laraba ki sake karanta labarin, duk inda ɗaya daga cikin shidan ta fito su taɓa kunne, sannan a nemi kishiyoyi: raguwa da ƙaruwa, tanadi da almubazzaranci. Alhamis su rubuta jimla uku da mafarin da kika ba su. Juma'a a gauraya na wannan mako da na makonnin baya.

Wannan gaurayawar ce shirinki ya rasa gaba ɗaya, kuma ita ce ta fi komai. Tun 1885 wani mai bincike, Hermann Ebbinghaus, a Jamus ya nuna cewa mafi yawan mantuwa a farko-farko take afkuwa, cikin sa'o'i da kwana na farko, kuma maimaici a rarrabe ya fi maimaici a dunƙule. Ki samo kwalin sabulu, ki raba cikinsa gida uku, ki rubuta "kullum," "Juma'a," "ƙarshen wata." Dabara ce da wani ɗan jarida mai suna Sebastian Leitner ya yaɗa a Jamus a 1972. Kowace sabuwar kalma ta shiga gidan farko a kan kati. Farkon kowane darasi ki zaro kati uku, minti biyu kawai. In yawancin aji sun kawo ma'ana da misali, kati ya matsa gaba. In sun yi tuntuɓe, ya koma gidan farko ko da daga na uku ya fito.

Shifta ki riƙe ta, amma ki san abin da take aunawa: kunne da ƙa'idar rubutu, ba ma'ana ba. Minti biyar, jimla biyu cikakku, ba jerin kalmomi ba.

Batun bango kuwa, a ajin da ba ƙofa ba taga, takardar da aka liƙa ba ta kai mako biyu: iska, ko damina, ko gara, ko 'yan ajin yamma. Ki ɗaura igiya tsakanin ƙusa biyu a gefen allo, ki rataya katunan da ƙaramin zare, monita ya sauke su a tashi. Kati ya kai kamar santimita 30 a tsawo, 10 a faɗi, harafi kuma santimita 6 zuwa 7 domin na bencin ƙarshe ya gani. Baƙar maka a kan farin gefen kwali. Ja da kore ba sa fita daga nesa. Kada katunan da ke rataye su wuce sha biyu, na wannan mako da na wanda ya wuce. Igiyar da ta cika ba mai kallonta.

Rukuni kuma ki haƙura da shi a yanzu. Tayar da yara 84 su ja benci su zauna a da'ira zai ci miki minti goma, kuma a rukunin mutum takwas biyu ne ke magana. Bibbiyu a inda suke zaune ya fi. Ki ce wannan na ɗaya ne, wannan na biyu, yau na biyu zai fara, kuma ki sa alamar tsayawa tun makon farko, misali tafi uku su amsa da uku.

Turanci a aji huɗu

*Ina koyar da Turanci a aji huɗu a makarantar ƙauye. Yara ba sa jin Turanci ko'ina sai a bakina. Shugaban makarantarmu ya ce kada in yi Hausa a darasin ko kaɗan. Nakan rubuta kalmomi su yi ta maimaitawa da ƙarfi, amma ba sa iya amfani da ko ɗaya. Me ya kamata in canza?*
Wani malami daga yankin Gumel

Malam, damuwar shugabanku tana da tushe. Malamin da ke fassara darasi gaba ɗaya, yara sukan toshe kunne in yana Turanci, su jira Hausar ta zo. Amma hana Hausa ƙwata-ƙwata shi ma ɓarna ne: ka kwashe minti biyar kana zagaye-zagaye da Turancin da ba su ji, a kan abin da kalmar Hausa ɗaya za ta warware. Ko Manufar Ilimi ta Ƙasa, a bugunta na 2004, cewa ta yi a koyar da harshen yankin a shekara uku na farko, daga aji huɗu Turanci ya riƙa shigowa sannu a hankali. Ka kai wa shugaban tsari mai iyaka, ba gardama ba: ka faɗi kalmar da Turanci, ka faɗi Hausarta sau ɗaya a gajarce, ka sake faɗinta da Turanci, daga nan duk misali da aikin baki da Turanci za a yi. Hausa ta buɗe ma'ana ta koma gefe.

Ka fara da kalmomin da suka fi yawan fitowa. Kalmomi kamar ɗari ne ke ɗauke da kusan rabin rubutun Turanci na yau da kullum, irin su *the, of, was, they, with, some*. Ba su da hoto, ba a iya nuna su da hannu, don haka sai a cikin gajerun jimloli da ake ta juyawa. Aikatau kuwa jiki ne ke koyonsu, hanyar da James Asher ya fito da ita a Amurka a shekarun 1960: ka ba da umarni ka aikata, su aikata, sannan ka daina aikatawa ka ga wanda ya ji da kunnensa ba da idonsa ba. Ka riƙa sauya jerin umarnin, in ba haka ba jerin za su haddace.

Kana da jari da ba ka taɓa ba, wato kalmomin da Hausa ta aro daga Turanci: tebur, benci, bokiti, kofi, fensir, mota. Ka sa su tattaro irin waɗannan, ka nuna musu abin da bakin Bahaushe ya yi wa kowace, yadda yake cusa wasali tsakanin baƙaƙe ya kuma ƙara wani a ƙarshe. Wanda ba a nuna wa ba shi ne zai rubuta *benchi* a jarrabawa.

Akwai kuma wuraren da Hausa ke da kalma ɗaya Turanci ya raba. Muna shan ruwa, mu sha mangwaro, mu sha magani, shi ya sa yaro ke cewa *drink mango*. Muna jin magana, mu ji wari, mu ji sanyi, sai ka ji *I hear smell*. "Ara mini" da "na ara" tushensu ɗaya, daga nan *borrow me your pen* ta fito. Duka ba ya gyara wannan, domin yaron ba wauta ya yi ba, tunani ya yi da harshensa. Ka ja layi uku a allo, *drink, eat, take*, ka ba su katunan ruwa, lemo, rake, magani su sa kowanne a layinsa. Batun aro kuma a yi shi da biro a hannu, yara biyu a gaban aji, mai bayarwa ya faɗi nasa, mai karɓa ya faɗi nasa, sannan su yi musaya.

Furuci ma ɓangaren sanin kalma ne. Hausa ba ta bambanta *p* da *f*, don haka *pull* da *full* kalma ɗaya ce a kunnen yaro. Ka ba kowa ɗan siririn yankin takarda ya riƙe gaban leɓe: *p* leɓe biyu ne ke haɗuwa iska ta fashe takardar ta yi tsalle, *f* haƙoran sama ne a kan leɓen ƙasa iska na zirarowa.

Ka kuma duba nauyin abin da kake ba su su karanta. Paul Nation na Jami'ar Victoria da ke Wellington da abokan bincikensa sun nuna mai karatu yana buƙatar sanin kusan kalma 98 cikin ɗari kafin ya fahimci rubutu ba tare da taimako ba. Ka ƙirga kalma ɗari a shafi, ka sa matsakaicin yaro ya karanta yana lanƙwasa yatsa duk inda ya ci karo da wadda bai sani ba. In hannu ɗaya ya ƙare, shafin ya fi ƙarfinsu. Ka sake rubuta shi a allo da sauƙaƙan jimloli.

Auna fahimta a babban aji

*Yarana sun haura casa'in. Ba zan iya duba littafin kowa duk mako ba. Yaya zan san ko kalmomin sun zauna?*
Malamin aji biyu, daga Kano

Ba sai ka duba na kowa ba, Malam. Ka zaɓi yara sha biyu, huɗu daga masu ƙoƙari, huɗu matsakaita, huɗu daga waɗanda ke baya, maza da mata, ka sauya su duk mako. Cikin zango kowa zai shigo. Ranar Juma'a, sauran suna rubutu, ka kira su ɗaya bayan ɗaya, kalma biyu kowanne, da baki. In ƙasa da takwas cikin sha biyun suka san kalma, ba ta zauna ba, a sake ta mako mai zuwa da sababbin misalai.

Irin tambayar ita ce abin lura. Kada ka ce "Mene ne ma'anar *sakamako*?" domin hadda za ka auna. Ka ce: "Yaro ya ƙi yin karatu ya faɗi jarrabawa. Wanne ne sakamakon, ƙin karatun ko faɗuwar?" Kuma kada ka maimaita jimlar da ka koyar da ita. In da dukan aji kake so, a amsa da yatsa ɗaya ko biyu, amma hannu a ƙirji ba a sama ba, don kada na baya ya kwaikwayi na gaba.

Don ka san ko shirin naka ya yi amfani, ka ware kalma goma daga cikin na zangon ka gwada su a makon farko kafin a koyar, ka sake gwada su a makon ƙarshe. Ka rubuta lambobin a bangon baya na littafin shirin darasi. In jami'in hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma ya zo duba aiki, wannan shafin ya fi dogon bayani.

Hausar gida da Hausar littafi

*Yaranmu suna cewa "tahi," "biyat," "shina zuwa," littafi kuma ya ce "tafi," "biyar," "yana zuwa." In riƙa ba su kuskure ne?*
Malamar aji ɗaya, daga Sakkwato

A'a, Malama, ba a magana. Sakkwatanci cikakken karin harshe ne, ba gurɓatacciyar Hausa ba; an dai ɗora Daidaitacciyar Hausa ne a kan karin Kano domin rubutu ya zama ɗaya. Yaron da aka yi wa dariya saboda "hwara" zai rufe baki, alhali ke bakinsa kike nema. Ki raba allo biyu, "yadda muke faɗa" da "yadda ake rubutawa," kalma biyu ko uku a mako. In ya ba da amsa daidai da karinsa ki karɓa, ki maimaita ta da Hausar littafi ba tare da tsawa ba. A shifta kaɗai ake neman ta littafi, ita ma bayan an koyar.

Inda ba sassauci shi ne lanƙwasa, domin ma'ana take canzawa: kafa da ƙafa, kaya da ƙaya, bari da ɓari, daidai da ɗaiɗai, baki da baƙi. Ki riƙa koyar da su bibbiyu, ki yi lanƙwasar da alli mai launi in akwai. Kalmomin da rubutunsu ɗaya sai karin sauti ko tsawon wasali ya raba su, irin su gari na zama da gari na tuwo, kuka na hawaye da kuka ta miya, kada ki taɓa rataya su tsirara a kati. Su zo cikin jimla ko da ɗan zane a gefe.

'Yan aji shida, ba ƙamus

*Makarantarmu ba ta da ƙamus ko ɗaya, iyayen yara kuma yawanci ba su yi boko ba, balle su taimaka da aikin gida. Me zan yi wa 'yan aji shida kafin su wuce sakandare?*
Wani malami daga Azare

In akwai halin sayen guda, Malam, a nemi Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero da ya fito a 2006, domin da Hausa yake bayyana Hausa. Na Bargery na 1934 taska ce, amma bayaninsa da Turanci ne, na malami ne ba na yaro ba. Kafin nan aji ya yi nasa: littafi mai shafi sittin, kowane harafi da gurbinsa, ɓ da ɗ da ƙ da sh da ts da 'y kowanne daban. Duk kalma ta shiga da ma'ana, da jam'inta, da jimla ɗaya ta wani ɗan ajin. Benci ɗaya ke riƙe littafin kowane mako.

Abin da ya fi ƙamus a wannan mataki shi ne su gane yadda Hausa ke gina kalma, domin tushe ɗaya yana buɗe musu biyar. Ka rubuta *ƙera* a tsakiyar allo su zagaye ta: maƙeri, maƙera, ƙira, ƙerarre. Ka nuna musu *ma-* tana haifar da mai yi, da wurin yi, da abin yi: manomi daga noma, makaranta daga karanta, mabuɗi daga buɗe, ma'auni daga auna. Sai su gwada da kansu a kan sassaƙa, ɗinka, rina. Aikatau kuma a jera shi su ji yadda ƙarshensa ke juya ma'ana: saya, sayo, saye, sayar, sayu, fita, fito, fitar. Ka ba su jimla mai gurbi su zaɓi wanda ya dace: "Audu ya ... da akuyarsa ya biya kuɗin makaranta." Kuskuren da za ka gani shi ne su ƙirƙiro kalmar da babu ita. Kada ka soke kawai, ka tambayi aji ko wani ya taɓa jin ta a bakin manya. In babu, a sa mata alamar tambaya a binciko a gida.

Iyayen da ba su yi boko ba sun fi littafin aji yawan kalmomi, aikin gidan ne ya kamata ya zama na baki. Wannan mako kowa ya tambayo sunayen sassan garma ko na rumbu. Mako na gaba kayan maƙera: uwar maƙera, zuga-zugi, awartaki, masaba. Wani makon sunayen lokutan yini daga asuba, hantsi, walaha, azahar, la'asar, har almuru, ko karin magana guda da inda ake faɗinta. Ranar Litinin minti biyar na farko yara uku su faɗi abin da suka tsinto da wanda ya gaya musu, a zaɓi biyu su shiga ƙamusun aji. In yaro ya kawo kalmar da kai ma ba ka sani ba, ka sa wasu biyu daga wata unguwa su tabbatar da ita kafin a rubuta.